INNA TA CE ZA TA GIDA

Wannan karon tarihin wani ciwo na kawo muku, ciwon da ya shigo gidan aurena a Illela ban san sunansa ba, har ya kusa tsinka mini igiyar aure. Hausawa na ce masa gigin tsufa, wasu su ce rikicin tsufa ko ruɗewa, likitoci kuma suna kiransa dimenshiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk gidan da wannan ciwo ya sauka, to a wuyan mace yake sauka, ko ɗiya, ko jika, ko matar ɗa irina. Masu iya magana kuwa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

UWAR ADASHI

Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, haifaffiyar Birnin Ƙwanni ce, aure ya kawo ta Illela tana yarinya ƙarama. Wanda ya san garinmu ya san tsakaninmu da Ƙwanni tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur. Turawan Ingila da na Faransa ne suka raba mu a yarjejeniyoyinsu na 1904 da 1906, suka bi daji suna kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908, amma aure da zumunci da ciniki ba su taɓa sanin da zaman wannan layi ba. Ran Lahadi a ci kasuwar Illela, ran Laraba a ci ta Ƙwanni.

Inna mace ce mai kai. Ta yi ƙuli-ƙuli, ta yi sarin albasa, kuma shekara da shekaru ita ce uwar adashin unguwarmu. Ba ta yi boko ba, amma zubin mata talatin yana kanta, wannan da naira, waccan da sefa, ba ta taɓa haɗa kuɗin wata da na wata ba. In tana hira takan ba mu labarin ranar da aka daina fam da sule aka koma naira a 1973, da yunwar 1984 lokacin da aka rufe iyaka, wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El-Buhari.

To, wajen 2017 sai abubuwa suka fara canzawa. Ta ba wata mata kwasar adashi sau biyu, ta hana mai rabo. Ta sa gishiri a miya sau uku. Ta tambaye ni ko an dawo daga kasuwa, na ba ta amsa, kafin in juya ta sake tambaya. Duk muka ce tsufa ne. Sai ranar da ta fito tsakar gida tana kuka, ta nuna ni da yatsa a gaban baƙi, ta ce, "Ke kiɗ ɗauke mini kuɗɗina!"

Wallahi 'yar'uwa, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara tara ina yi wa matar nan biyayya, ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba. Maigida ya rasa na cewa, ga uwa ga mata. Da abin ya yi sau uku sai na ɗauki mayafina na yi yaji. Kwanana goma sha ɗaya a gidanmu, sai ga ƙanwar maigida ta zo biko da ƙullin tsumma a hannu. Ashe kuɗin suna cikin tukunyar daddawa, Inna ce ta ɓoye su da hannunta ta manta. Na koma ɗakina, amma zuciyata ba ta koma ba, don a ganina da gangan ta yi.

A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa. Cikin hunturun wannan shekara Inna ta tsiri wata magana. Da la'asar ta yi sanyi sai ta ɗaure kayanta a zane, ta ce, "Ku bar ni in tai gida, innata na jirana." Alhali mahaifiyarta ta fi shekara arba'in a ƙasa. Wata asuba muka tashi muka ga ƙofa a buɗe, tabarma ba kowa. Aka bazama, har bakin tafkin Kalmalo an duba. Sai da hantsi aka same ta a wani ƙauye ta wajen iyaka, zaune a ƙofar gidan mutane, ba kallabi ba takalmi. Yara sun kewaye ta, manya na tambayarta me ya kawo ta gidan da ake jinyar jariri tun da duhu. Wani ya ce, "Ke mayya ce?" Inna ta ce i. Da ma a lokacin duk abin da aka tambaye ta i take cewa. Allah ya sa wata mata da ta taɓa zubin adashi a wurinta ta gane ta, ta yafa mata mayafi ta riƙo hannunta. Ba don haka ba, ban san labarin da zan ba ku yau ba.

YADDA NA DA SUKA ƊAUKE SHI

Wannan ciwo ba baƙo ba ne. Kakanninmu sun san shi, shi ya sa suke cewa tsoho ya koma yaro. Malamai ma suna da sunan da suke kiran wannan mataki na rayuwa, arzalul umuri, wato lokacin da mutum zai wayi gari bai san abin da ya sani a da ba. Sai dai a ƙasar Hausa an raba abin gida biyu. In tsohuwa ta yi shiru tana mantuwa kawai, sai a ce tsufa ne, a ƙyale ta. In kuwa ta fara fita da dare, ko tana magana da mutanen da ba a gani, ko tana tuɓe tufafi, sai a ce iska ce, ko sammu, ko an yi mata kurciya, ko kuma mafi muni a ce maita ce ta bayyana. Mu ma duk mun bi wannan hanya, an yi hayaƙi, an yi turare, an sha jiƙe-jiƙe.

Can ƙasar Turai ma sun daɗe a cikin wannan duhu, suna haɗa tsofaffi masu ruɗewa da masu taɓin hankali su kulle a gida ɗaya. A 1838 wani likitan Faransa mai suna Esquirol ya bambance su da wani misali da ya zauna mini a rai. Ya kwatanta mai wannan ciwo da attajirin da ya talauce, wato mutum ne da ya mallaki hankali da sani, daga baya aka riƙa kwashe masa kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya san Inna tana uwar adashi ya san wannan misali ya yi daidai.

A nan Nijeriya, Turawan mulki sun kafa dokar mahaukata a 1916, aka sabunta ta a 1958, kuma a zamaninsu an sha ajiye masu larurar ƙwaƙwalwa a gidan yari tare da fursunoni. Wannan tsohuwar doka ba a maye gurbinta ba sai a watan Janairu na 2023, da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta amince cewa majinyaci yana da haƙƙi da mutunci. Amma tun 1954 wani ɗan ƙasa, Dakta Thomas Adeoye Lambo, ya ɓullo da wata dabara a Aro kusa da Abekuta. Maimakon a kulle majinyata, sai ya sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa mai kula da shi, da safe a zo a karɓi magani. Duniya ta yaba wa wannan tsari, don ya nuna cewa dangi da gida rabin magani ne.

MATAR JAMUS MAI KISHI

Yanzu bari in kai ku Jamus. A watan Nuwamba na 1901 wani magidanci ya kai matarsa asibitin ƙwaƙwalwa na birnin Frankfurt. Sunanta Auguste Deter, shekarunta 51. Kun san da me ciwonta ya fara? Da zargi. Ta riƙa tuhumar mijinta da neman wata maƙwabciyarsu, ta riƙa ɓoye kayan gida, girki ya gagare ta, ta riƙa ɓacewa a cikin ɗakunan gidanta. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya tambaye ta sunan mijinta, sai ta faɗi nata sunan. Ya ba ta alƙalami ta rubuta sunanta, ta fara ta kasa ƙarasawa, ta shaida masa cewa ji take kamar ta ɓatar da kanta.

Ranar da na fara jin wannan labari sai da na yi hawaye. Mace a Jamus, shekara ɗari da goma sha shida kafin Inna, ba ta san adashi ba, ba ta san daddawa ba, amma ga zargi, ga ɓoye kaya, ga ɓata. A ranar na yarda har zuciyata cewa Inna ba da gangan ta yi mini ba.

Matar ta rasu a watan Afrilu na 1906. Likitan ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa, ya tarar ta motse, ya kuma ga abubuwa biyu: wasu dunƙule-dunƙule kamar ƙanzo a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Ya kai wannan bayani taron likitoci a garin Tubingen a watan Nuwamba na 1906, ba wanda ya yi masa ko tambaya ɗaya. A 1910 maigidansa a wurin aiki, Emil Kraepelin, ya sa wa ciwon sunansa, shi ne cutar Alzaima da kuke ji a rediyo.

Duk da haka sai aka shekara sittin da wani abu ana ɗauka cewa wannan ciwo na masu matsakaitan shekaru ne kawai, na tsofaffi kuwa tsufa ne. Sai a 1976 wani likitan Amurka, Robert Katzman, ya fito ya ce ai ciwo ɗaya ne, kuma yana cikin manyan masu kisa. A wannan shekarar dai masu bincike a Ingila suka gano cewa wani sinadari mai kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, asetilkolin, yana ƙaranci ƙwarai a masu ciwon. A 1984 aka gano abin da ya haɗu ya zama ƙanzon nan, wani furotin mai suna amiloyid. Sannan a watan Nuwamba na 1994 tsohon shugaban Amurka Ronald Reagan ya rubuta wa mutanen ƙasarsa wasiƙa ya shaida musu yana da ciwon. Kun ga ke nan bai bar mai mulki ba, bai bar mai ƙuli-ƙuli ba.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Ki ɗauki ƙwaƙwalwa kamar rumbu. Ciwon yakan fara cin wurin da ake shigar da sabon hatsi, don haka abin da ya faru ɗazu ba ya shiga, amma tsohon hatsin da ke ƙasa yana nan. Shi ya sa Inna ta manta ta ci tuwo, amma ta san sunan ƙawayenta na dandali a Ƙwanni. Gidan da take nema da la'asar shi ne wanda ya rage mata a rumbu.

MU MA AN ƘIRGA MU

An taɓa cewa wai baƙar fata ba sa wannan ciwo. A 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, irin su Farfesa Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da na Indiyanafolis a Amurka, suka bi gida-gida suna gwada tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna a Ibadan mutum 2 da ɗoriya cikin 100 ke da ciwon, a cikin baƙaƙen Indiyanafolis kuwa mutum 8 da ɗoriya. Wato akwai shi a nan, sai dai bai kai na can ba, kuma wannan bambanci ya sa masana suka ƙara mai da hankali kan abinci da hawan jini da kitsen jini. A Zariya ma an yi irin wannan bincike aka buga shi a 2011, aka samu kusan mutum 3 cikin 100. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce masu ciwon a Nijeriya sun haura 300,000 a shekarar 2015.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da shi a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Ta kuma ce kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake kashewa wajen jinyarsu, mata ne ke ɗaukarsa. Wannan dai ko ba a faɗa ba mun sani.

Ku sani kuma gigin tsufa ba iri ɗaya ba ne. Alzaima ita ce babba, ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Akwai na jijiyoyin jini, wanda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa. Akwai wanda ke sa mutum ya riƙa ganin mutane ko dabbobin da babu su, jikinsa ya sandare yana rawa, wanda aka sa wa sunan likita Lewy, kuma shi ne aka fi cewa aljanu ne. Akwai mai cin gaban ƙwaƙwalwa, ya fara da canza hali, mai kunya ta koma ashar, wannan yakan kama mutum tun bai tsufa sosai ba. Ba a ɗaukar ciwon ta cin abinci tare ko wanke kayan majinyaci, kuma mafi yawansa ba gadon kai-tsaye ba ne.

RANAR DA MUKA JE ASIBITI

Kafin mu je asibiti mun yi kuskure biyu, zan faɗa don kada wata ta maimaita. Na farko, mun sa wa ɗakinta kwaɗo, ta kwana tana dukan ƙofa har hannunta ya kumbura. Na biyu, an sayo mana ƙwayar barci a wani kemis muna jefa mata a kunu. Ta yi barci kam, amma ta ƙara ruɗewa, ta faɗi a bakin rijiya ta fasa goshi.

Daga nan maigida ya ɗauki shatar mota muka nufi Sakkwato. Ga waɗanda ba su sani ba, a kan wannan hanya tamu, bayan an wuce Gwadabawa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kware, a cikin birni kuma akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kada sunan asibitin mahaukata da mutane ke faɗa ya hana ki kai tsohuwarki, can ne masana abin suke.

Likitan da ya gan mu ya fi awa guda tare da mu. Ya faɗa wa Inna sunan abu uku ya ce ta riƙe, bayan ɗan lokaci ya tambaya, ko ɗaya ba ta kawo ba. Ya ce, "Inna, wa ke sarautar Sakkwato yanzu?" Ta gyara zama ta ce Sarkin Musulmi Abubakar, wanda ya rasu tun 1988. Ya auna jininta ya tarar ya hau sosai, ya sa aka yi gwajin jini da na fitsari da hoton kai. Ya bayyana mana dalili: akwai larurorin da ke kama da gigin tsufa amma suna warkewa, kamar ƙarancin bitamin B12, da ciwon maƙoƙo, da ciwon damuwa, da taruwar jini a ka bayan faɗuwa, da illar wasu magunguna. Ya kuma ja kunnenmu cewa duk tsohon da ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a hanzarta kai shi asibiti, don sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki. Gigin tsufa a hankali yake tafiya, wata da watanni.

Na Inna dai Alzaima ce haɗe da ta jijiyoyin jini. Na ce, "Likita, za ta warke?" Bai ɓoye mini ba, ya ce har yau ba a samo maganin da ke warkar da shi ba, amma akwai abin yi.

Ga tarihin magungunan a taƙaice. Na farko, takrin, ya fito a Amurka a 1993, amma yana taɓa hanta, aka bar shi. A 1996 aka samu donefezil, daga baya ribastigmin da galantamin, dukansu aikinsu su hana sinadarin nan asetilkolin saurin ƙarewa. A 2003 Amurka ta amince da memantin don waɗanda ciwonsu ya yi nisa. Waɗannan sukan ɗan farfaɗo da mutum ko su riƙe shi na wani lokaci, ba sa tsayar da ciwon, kuma sukan sa tashin zuciya ko gudawa ko jiri, don haka sai da umarnin likita. A 2023 da 2024 an amince da wasu sababbi biyu a Amurka, lekanemab da donanemab, masu share amiloyid daga ƙwaƙwalwa. Ta jijiya ake ba da su, sai a farkon ciwo suke aiki, rage masa gudu kawai suke yi, suna iya kumbura ƙwaƙwalwa ko su sa ta zubar jini, kuma na farkon ya fito da farashin dalar Amurka 26,500 a shekara. Kin ga wannan ba zancen gidajenmu ba ne tukuna. Aka ɗora Inna a kan donefezil da maganin hawan jini, aka ce mu watsar da ƙwayar barci.

MAGANIN DA KE HANNUNKI

Babban maganin da ya yi mana aiki a tsakar gida muka same shi. Na daina gardama da ita. A da in ta ce innarta na jiranta sai in ce, "Inna, ai sun daɗe da rasuwa," ta fashe da kuka kamar yau aka yi mutuwar, gobe kuma a sake. Sai na koma cewa, "To Inna, ku sha furarku tukuna, rana ta yi sanyi. Wai yaya gidanku na Ƙwanni yake?" Sai ta zauna ta kama labari har tafiyar ta fita ranta. In ta ce an sace mata kuɗi, in ce mu nema tare, don na riga na san wuraren ɓuyanta guda uku.

Muka tsayar mata da lokaci, na wanka, na abinci, na kwanciya, ba a canzawa. Da yake ruɗewar ta fi tashi da almuru, sai mu kunna fitila tun kafin duhu, mu rage hayaniyar yara. Na lura hannunta bai manta aiki ba, sai in ajiye mata gyaɗa ta ɓare ko wake ta tsince, in kuma aka sa waƙar Ɗanƙwairo sai ka ga tana kaɗa kai tana bi. Muka rufe rijiya da murfi mai nauyi, muka ɗauke ashana da kananzir da maganin ɓera. Maimakon kwaɗo, muka rataya gwangwanaye a ƙofar zaure, ana taɓawa mu ji. Na rubuta sunan maigida da lambar wayarsa na ɗinke a bakin kowane zanenta. Abin da ya fi duka, muka daina ɓoyewa. Maigida ya sanar da mai unguwa da maƙwabta da 'yan kabu-kabun bakin tasha cewa Inna ba ta da lafiya, duk wanda ya gan ta ya dawo da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai maganar ke kanki mai jinya. Akwai daren da na wanke ta sau uku, na huɗun na daka mata tsawa. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyar nan, mi niy yi maki?" Na shiga ɗaki na yi kuka har asuba. Washegari na ce wa maigida a tara 'yan'uwansa. Aka raba kwana, ƙannensa mata biyu suka karɓi kwana bibbiyu a mako, mazan suka ɗauki kuɗin magani da sabulu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ki bari kunya ta sa ki ɗauka ke kaɗai har ki faɗi, don in kin faɗi ita ma ta faɗi.

Rigakafi kuma tun yanzu ake fara shi, ba sai furfura ta fito ba. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ya ce in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, ƙiba, kitsen jini, taba, giya, rashin motsa jiki, buguwar kai, ciwon damuwa, kaɗaici, gurɓatacciyar iska, raunin ji, raunin gani, da rashin samun ilimi tun ana yara. Don haka ki riƙa auna jininki, musamman in ya taɓa hawa lokacin goyon ciki. In an ba ki magani kada ki bari don kin ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen miya. A kai tsofaffi a cire musu yanar ido, a duba kunnensu, kada a ware su a ɗakin baya su kaɗai. A kuma bar 'ya'ya mata su yi karatu.

An buɗe iyakar Illela a watan Disamba na 2020. Bayan ƙaramar salla ta 2021 muka ɗauki Inna muka kai ta Ƙwanni, har ƙofar gidan da aka haife ta. Ta daɗe tana kallon gidan, sannan ta juyo ta kama hannuna ta ce, "Mu tai gida." Muka juyo Illela.

A shekararta ta ƙarshe magana ta ɗauke, tafiya ta gagara. Muna juya ta duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo, muna ba ta kunu da cokali a zaune don kada ta shaƙe. Ta manta sunan ɗanta, ta manta nawa, amma in na shigo ɗakin sai fuskarta ta saki. Ta rasu da damina a 2022, Allah ya jiƙanta. Tukunyar daddawar nan tana ɗakina har yau.

'Yar'uwa, in akwai tsohuwa a gidanku da ta fara maimaita tambaya, ko ɓoye kaya, ko zargin mutane, kada ki yi yaji kamar yadda na yi, ku kai ta a duba ta tun da wuri. In kuma wata safiya kin buɗe ƙofa kin tarar da baƙuwar tsohuwa zaune ba kallabi, yara na binta da dutse, to ki kore su, ki yafa mata mayafinki, ki ba ta ruwa, sannan ki duba bakin zanenta ko akwai lambar waya.